Tambaya da Amsa: Maigidana Yana Ingila, Ko Zan Iya Bin Sa da Yara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana ya tafi Ingila a shekarar 2023, yana aikin kula da tsofaffi, ya bar ni da yara biyu da kuma abokiyar zamana mai ɗa ɗaya. Yanzu ana ta cewa an hana ma'aikata ɗaukar iyali. Shin gaskiya ne? Daga wata mai karatu a Bolari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Maganar tana da tushe, amma ga dukkan alamu ba ta shafe ki ba. Tun daga ranar 11 ga Maris, 2024, gwamnatin Birtaniya ta hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya kai matansu da 'ya'yansu, bayan da a watan Janairun shekarar ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu yin haka. Sai dai wanda ya riga ya sami bizar wannan aiki kafin ranar, kuma yake kanta har yanzu, an bar masa damarsa. Saboda haka abu na farko shi ne maigidanki ya duba ranar da ya nemi bizarsa.

Za ki kuma ji ana ambaton fam 29,000 a matsayin mafi ƙarancin kuɗin da mutum zai riƙa samu a shekara. Wannan sharaɗi, wanda aka ɗaga daga fam 18,600 a watan Afrilun 2024, ya hau kan 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin da ke son kawo mata ko miji. Abin da ake nema a wurin iyalin ma'aikaci shi ne shaidar kuɗin riƙe kai, wato fam 285 domin matar, 315 domin ɗa na farko, da 200 domin kowane ɗa bayansa. Ki tanadi takardar aure, da takardun haihuwar yara daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da shaidar gwajin tarin fuka daga asibitin da hukumomin Birtaniya suka amince da shi. A kula sunaye su zama iri ɗaya a kowace takarda, domin bambancin Muhammad da Mohammed kaɗai yana iya jawo tambayoyi da jinkiri.

Inda gizo ke saƙar shi ne batun abokiyar zamanki. Iyalin da dokarsu ta sani ya fi namu ƙunci nesa ba kusa ba, domin mace ɗaya kawai ake bari ta bi mijinta, ko da kuwa duka auren biyu ingantattu ne a Najeriya. Idan ke kika tafi, ƙofa ta rufe mata. Ɗanta ma zai sha wuya, tunda ƙa'ida ita ce iyayen yaro su biyun su kasance a can, in ba an tabbatar da cewa uban ne kaɗai ke ɗauke da nauyin renonsa ba. A ganina, gwamnatocin da ke yawan ambaton haɗa kan iyali ba gida irin naku suke nufi ba.

Don haka kafin a biya ko kwabo, maigida ya zauna da ku biyun, ko da ta waya ne, tare da manyan gida, a fayyace wadda za ta tafi da yadda za a riƙe wadda ta zauna. Kada kuma wani ɗan kamasho ya ruɗe ku da shawarar ɓoye aure na biyu, domin wanda aka kama da yaudara a takardar biza ana iya hana shi shiga ƙasar har tsawon shekara 10.