Jakar mai tafiya ziyara da ƙafa

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka yanka kirgin nan, fatar sa mai kauri, alhali Malam da bakinsa ya ce babbar jaka yake so, mai ƙwari, wadda za ta ɗauke masa kayansa duka daga nan Damagaram har Sakkwato, inda ya yi niyyar zuwa ziyarar Hubbaren Shehu da ƙafa. Ka ce ai mai biya shi ke faɗin abin da za a ɗinka masa. Haka ne, in jakar kasuwa ce ko ta biki. Wannan kuwa a bayansa za ta yini kullum, kuma in ta cutar da shi a tsakiyar hanya ba shi da inda zai mayar da ita.

Fara da lissafin hanyar. Daga nan zuwa Maradi, ta Takeita da Tasawa, kimanin kilomita 235 ne. Daga Maradi a bi ta Madawa a kai Ƙonni, a ƙetara ta Illela a gangara Sakkwato. In ka haɗa duka sun haura kilomita 550. Dattijo mai lafiya in ya yi 25 a yini ya yi ƙoƙari, ka ga ke nan sama da mako uku yana tafe, ban da ranakun hutu. Abin da ka ɗaga da hannu ɗaya a rumfar nan ka ce ba nauyi, shi ne zai sa kafaɗa ta yi tsami tun bai kai Tasawa ba.

Na san abin da ke ranka. Kana tuna labarin kakanninmu da suka tafi Makka ta ƙasa, suka bi ta Barno da Wadai da Darfur har bakin teku a Sawakin, da taikinsu da salkarsu. Gaskiya ne sun yi. Amma taiki da salka kayan jaki ne da raƙumi, ba a yi su don bayan mutum ba. Kuma waɗancan bayin Allah shekaru suke yi a hanya, su tsaya a gari su yi noma ko wata sana'a, su sami guzuri su ƙara gaba, har wasu suka zauna a Sudan, jikokinsu na can yanzu. Malam ba shi da jaki. A ƙasar Sifaniya akwai hanyar da Kiristoci ke bi da ƙafa zuwa garin Santiyago, wajen kilomita 800 in an taso daga iyakar Faransa, kuma su ma a bayansu suke goya kaya. Ƙa'idar da suka saba bi ita ce kada kayan su wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin mai ɗauka. Ni na yarda da wannan awo. In mutum kilo 60 ne, kayansa su tsaya a kilo 6. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma ba zai tashi da ƙasa da lita biyu ba. To ka gaya mini, in jakar kirgi ita kaɗai ta ci kilo biyu, me ya rage masa?

Shi ya sa na ce ka ɗauko fatar akuya. Ka nemi ta jar akuyar nan ta Maradi, wadda ta sha bagaruwa sosai a majema, ba ta tumaki ba. Fatar tunkiya tana da laushi a hannu, tana ruɗin mai saye, amma ba ta riƙe ɗinki, wajen huda take fara yagewa. Ta akuya siririya ce, ga ƙarfi. Kirgin za mu yi amfani da shi a wuri biyu kawai: ɗan maho a gindin jaka inda take taɓa ƙasa, da kuma inda maratayi ya kama jiki.

Kuma ƙarama za ka yi ta, da gangan. Na daɗe ina ganin haka: duk girman jakar da ka ba matafiyi sai an cika ta. Ranar sallama wannan ya kawo dabino, waccan ta kawo dakuwa, wani ya ce ga bargo saboda sanyi, kuma ba mai iya mayar da hannun kyauta. In jakar ta cika, magana ta ƙare ba tare da an ɓata wa kowa ba. Tsawonta daga kafaɗa zuwa ƙugu, faɗinta kada ya wuce faɗin bayansa.

Maratayi shi ne aikin. Ka saba da na gafaka, siriri guda ɗaya da ake ratayawa a kafaɗa, to cire wannan a ranka. Biyu za ka yi, kowane faɗin yatsa uku, ka ninka fatar ka cusa auduga a ciki, ka mayar da bakin ɗinkin waje don kada ya goge fata. Inda ya haɗu da jaka, ka sa mahon kirgi ta ciki ka ɗinke su tare. Kada ka jera huda kusa da kusa don neman kyau, in suka matsu fatar tana yagewa ta kan layin nan gaba ɗaya. Bar tazara, ka ja zare da kyau. Sannan ka ƙara maɗauri a ƙugu, don nauyin ya sauka a kwankwaso, kafaɗa ta samu sauƙi. Gefen da zai kwanta a bayansa kada rini ya taɓa shi. Karan dafi in ya haɗu da gumi zuba yake yi, kafin azahar farar rigar Malam ta koma ja. Tuntaye da zane duk ka bar su, kowannensu nauyi ne, kuma ƙarangiya suke kwasowa.

Aljihu biyu nake so. Ɗaya ta ciki, mai zurfi, na kardante da kuɗi, a naɗe su a leda saboda gumi. Ɗaya a can sama ƙarƙashin marufi, na Alƙur'ani, don kada a ɗora komai a kansa. Na san yana son tafiya da rubutaccen nan nasa na hannu, amma da shi da gafakarsa nauyi ne mai yawa, kuma ƙura da gumi za su lalata warƙoƙin. Ka roƙe shi cikin ladabi ya ɗauki ƙaramin bugu.

Sauran kayan ba su da yawa. Riga da wando ɗaya a jiki, ɗaya a jaka. Mayafi mai ɗan kauri da zai rufa da shi da dare, ya shimfiɗa ya yi salla da rana, ya maye gurbin buzu. Rawani, don iskar hunturu. 'Yar buta ta roba, tocila, waya da caja, carbi, sabulu, man kaɗanya, da magungunan da likita ya rubuta masa. Guzuri na kwana biyu ya isa, ƙuli-ƙuli da dabino da ɗan gari, tunda hanyar kwalta zai bi, garuruwa ba su yi nisa da juna ba, fura da ruwa ba za su gagara ba. Bidon ruwansa a ɗinke masa tsumma a jiki, in an jiƙa sai ruwan ya yi sanyi. Mai nauyi a sa shi jikin baya, marar nauyi ta waje. Na kuma ji daɗi da ya zaɓi lokacin sanyi, don a bazara, Afrilu da Mayu, zafin nan yana haura digiri 40, ba na yarda in ɗinka wa dattijo kayan wannan tafiya a lokacin. Batun tsaron hanya da na iyaka, ya tambayi direbobin tasha da hukuma kafin ya sa rana.

Yanzu takalmi, wanda ba ka tambaya ba, kuma ya fi jakar muhimmanci. Kada ka auna ƙafarsa da safe. Ka ce ya zo bayan la'asar, bayan ya yini yana yawo, don ƙafa kumbura take yi da tafiya. Ya taka takarda a tsaye, ka zana kowace ƙafa daban, ka ƙara faɗin yatsa ɗaya a gaba. Mai igiya tsakanin yatsu bai dace ba, a rana ta biyu wurin zai zama gyambo. Ka yi mai maɗauri biyu a bisa ƙafa da ɗaya a bayan dunduniya. Sama kirgi, ƙasa taya, saboda ƙaya da zafin kwalta. Ɗinki za ka yi, ban da ƙusa, kuma kada ka dogara da gam, zafi na sake shi. Ka tsaga 'yar hanya a tayar yadda zaren zai nutse ciki, in ba haka ba kwalta za ta cinye shi cikin kwanaki kaɗan. In ka gama, sa yatsanka ka shafa ciki ko'ina, idonka a rufe. Duk ƙullin da yatsa ya ji, ƙafa za ta ji shi a kowane taku.

Ka tuna mutum ne mai alwala sau biyar. Maɗaurin ya zama mai saurin kwancewa, kuma ka gaya masa ya bar ƙafa ta bushe kafin ya mayar da takalmi, don jiƙaƙƙiyar ƙafa a cikin fata ita ke kawo bororo, fatar kuma in ta sha ruwa ta bushe sai ta ƙandare ta fara yanka. Da dare ya shafa man kaɗanya a dunduniya saboda faso, ya ɗan shafa wa maɗauran ma. A zabira ka sa masa basilla, da zare, da maɗauri guda na ajiya, ka nuna masa yadda ake sa shi.

Takalmin za ka fara, yau ɗin nan, don ya samu aƙalla mako biyu yana yawo da shi kafin tashi. Jakar in ta haɗu, zuba mata yashi kilo 6 a leda, ka goya ta da kanka daga nan Birni zuwa Zango ka dawo, ka nuna mini inda ta goge ka, mu gyara kafin a kira Malam.