Yaya ake gane ɓarnar kodin a ƙwaƙwalwa?

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda masu bincike ke gano abin da kodin da tiramol ke yi wa ƙwaƙwalwa. Galibi da ɓeraye ake farawa. Akan dasa wata 'yar siririyar na'ura a ƙwaƙwalwar ɓera, tana auna sinadarin dofamin, mai sa a yi kwaɗayin maimaita abin da aka ji daɗinsa. Kusan kamar na'urar gwajin suga take: sinadari ya taɓa ta, ta ba da lamba.

Yau da gobe ƙwaƙwalwa kan saba, sai kwalba ɗaya ta daina isa. Ka dai tuna yadda gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018.

Tunda a Jos kake, leƙa tsangayar harhaɗa magunguna ta Jami'ar Jos, ka samu malaman can.