Inganta irin kawa da jatan lande: sauya halitta ake yi ko zaɓe?

Tambaya: Ina kiwon tarwada a Daura. Na ji an ce masana sun inganta irin kawa da jatan lande har cuta ba ta cika kashe su ba. Halittarsu ake sauyawa ne? Mu da ba mu da teku, me za mu ƙaru da shi?

Amsa: Malam, galibin aikin zaɓen iri ne, ba cusa wata baƙuwar ƙwayar halitta ba. A 1957 wata cuta da ake kira MSX ta ɓarke a mashigin tekun Delaware na Amurka, ta kashe kusan kashi 90 cikin 100 na kawar wurin, wato halittar nan ta ruwan gishiri mai ƙwanso biyu. Harold Haskin na Jami'ar Rutgers sai ya tattara waɗanda suka tsira, ya haɗa su suka hayayyafa, ya mayar da 'ya'yansu cikin ruwan da cutar take, ya sake tsince masu rai. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru har aka samu iri mai juriya. Da jatan lande ma hanyar aka bi bayan wata cutarsu mai suna Taura ta bayyana a Ekwado a 1992.

Inda aka taɓa halitta shi ne kawa mai jerin kuromosom (wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta) uku maimakon biyu, wadda wani masani mai suna Standish Allen ya fara samarwa a 1979. Da ƙyar take haihuwa, don haka abin da ta ci nama yake zama, kamar taure a cikin awaki.

Kawa dai ba za ta yi a Daura ba, ko a dam ɗin Sabke, ruwan gishiri take so. Amma a ganina darasin naku ne. Masu wannan aiki suna ware kowane dangi daban, su rubuta uwa da uba, saboda auren zumunta na raunana iri. Mu kuwa sai mai ƙyanƙyasa ya ɗebo mace da namiji daga kwami ɗaya, alhali wa da ƙanwa ne, ya tatse ƙwai, 'ya'ya su fito da lanƙwasasshen baya ko su tsumbure, a ce abinci ne.

Ka samo maza daga wata gona, mata daga wata, ka yawaita iyayen. Kada girma kaɗai ya ruɗe ka, wani ƙaton 'yan'uwansa ya ci ya yi jiki. Duba wanda ya yi girma a cikin sa'o'insa, bai yi ciwo ba, ka rubuta asalinsa a littafi kafin ka ajiye shi.