Wa Ya Raɗa wa Tarwaɗa Suna?

Ɗana, saƙonka ya sa ni murmushi, ya kuma ɗan dame ni. Wai a makaranta an ce muku sunan tarwaɗa na ainihi Clarias gariepinus, shi ne kake tambaya ko namu sunayen na gado suna da tushe.

Sunan nan ba baƙo ba ne a wurina. Wani Bature, Burchell, shi ya laƙaba mata gariepinus a 1822, daga Gariep, kogin da ake kira Orange can Afirka ta Kudu. Muna ɗalibai ma lazera ake ce wa tamu ta nan, sai daga baya masana suka gano kifi ɗaya ne. A sunan nan, kalmar farko, Clarias, ta dangi ce, ta biyu ta kifin kansa. Yana da amfani, don mutumin Masar da na Yawuri su san kifi ɗaya suke nufi.

Amma bari ka ji. Ina ɗan shekara goma, kafin a datse ruwa a Kainji a 1968, rani ya yi, fadama ta janye, muka shiga lalube da Baba. Na zura hannu ƙarƙashin wani kututture, na taɓo abu mai laushi, na yi ihu, "Tarwaɗa!" Ban rufe baki ba wani abu ya fizge ni tun daga yatsu har kafaɗa, hannu ya mutu. Minjirya ce. Baba ya ɗebo ta da homa, ya ce in dube ta da kyau: ƙananan idanu, jiki tabo-tabo, baya sumul babu ƙaya. Sannan ya jera mini sauran bisa yashi. Ga tarwaɗa, filafilin bayanta ya tafi har wutsiya. Ga ramboshi, nasa ya tsaya a tsakiya, tsoka ta ƙarasa. Ga kurungu yana gurnani, ƙayarsa a miƙe. Duk masu gashin baki, kowa da sunansa. Ya ce kakansa yakan ce wanda bai san sunan kifi ba, hannunsa ne zai gaya masa.

Yanzu ku duk abin da aka tsamo daga tankin kiwo "katfish" ne a bakinku. Wannan ke yi mini ciwo. Ƙannenka ba mai iya bambanta ramboshi da tarwaɗa.

Idan kun sami hutun rani ka zo da littafin naka, mu sauka bakin ruwa da asuba kafin masunta su watse.