Amsa ga mai shirin zagayen dutse a Zuru

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka cewa kuna so ku fita ku goma ranar Asabar ku zagaya ɗaya daga cikin duwatsun bayan garin Zuru, ta hanyar da samarin nan masu keke suke hawa suna gangarowa, kuma kana neman zagayen da ba zai gagari masu rauni a cikinku ba. Wallahi ina gama karantawa sai da na shafa idon sawuna, domin irin wannan fita ce ta kwantar da ni mako uku bara waccan.

Mu bakwai muka fita, kuma wanda ya ja mu ya rantse cewa ya san hanyar kamar yunwar cikinsa. Ya ce kilomita takwas ne kawai, kafin hantsi ya dubi ludayi mun dawo mun karya kumallo. Ya bi da mu ta yadda masu keke suke fito mana ta baya, muna sauka suna sauka. A wata kwana da wani ƙaton dutse ya tare gani, ban ji komai ba sai "hanya, hanya!" a bayan kunnena. Na yi tsalle gefe, na dira a kan tsakuwa mai zamewa, ƙafata ta dama ta gurɗe har na ji ƙararta. Yaron mai keken ma ya faɗi ya kuje gwiwa, amma ya tashi yana ɗingishi yana ba ni haƙuri, kuma har yau ban riƙe shi da komai ba, domin birki ba ya kama taya a kan tsakuwa idan gangara ta yi tsanani.

Wanda ban gama hucewa da shi ba shi ne jagoran namu. A lokacin ya riga ya yi gaba da mutum biyu masu ƙarfin ƙafa, wayarsa ba ta shiga, mu huɗu muka zauna a ƙarƙashin wata ɗorawa da ledar ruwa biyu tal, rana tana ta ɗagawa, ƙafata tana kumbura har takalmi ya ƙi fita. Bayan fiye da awa ɗaya ya dawo, kuma abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne wai da na kula da hakan ba ta faru ba. Daga baya muka gano cewa rabin hanyar na biyu bai taɓa taka shi da ƙafa ba, a kan babur ya taɓa wucewa sau ɗaya. Ina kwance a gida mai ɗori yana zuwa yana jan ƙafar, bawan Allahn nan ko sannu bai aiko ba.

Saboda haka kada ka ja kowa ta hanyar da kai da kanka ba ka zagaya ta daga farko har ƙarshe ba. Ka je kwana biyu kafin ranar, ka tsaya ka tambayi samarin ta inda suke gangarowa, sannan ku ɗauki zagayen ta yadda za ku riƙa fuskantarsu, ku hau inda suke sauka. Mai keke da ka hango daga nesa ba zai ba ka mamaki ba. A kowace kwana ku bi layi ɗaya, kuma duk mai son sauraren karatu ko waƙa a kunne ya bari sai ya koma gida.

Game da lokaci, akwai lissafin da wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Idan zagayenku kilomita 8 ne da hawan mita 300, ya kama awa biyu da 'yan mintuna. Sai dai lissafin na ƙarfafan mutane ne a ƙasa mai sanyi, babu hutu a cikinsa, don haka ni awa uku da rabi nake ƙiyastawa. Matsalar zagaye kuwa ita ce da zarar an wuce tsakiya komawa baya ba ta da amfani, don haka ku yanke tun a gida cewa idan ƙarfe takwas ta yi ba ku kai tsakiyar ba, za ku juya. Ku tashi ana idar da sallar asuba, kowa da ledar ruwa biyar aƙalla, da ƙullin gishiri da sukari. A watan Maris da Afrilu kuwa ban ba ku shawarar hawa ba sam, kuma da damina dutse yana santsi, ciyawa tana ɓoye kububuwa.

Batun tsaro ba sai na yi dogon bayani ba, duk mun san abin da 'yan bindiga suka yi wa 'yan'uwanmu a Danko-Wasagu da Sakaba. Ku gaida mai unguwar da ke gindin dutsen, ku sanar da 'yan banga yawanku da lokacin dawowarku, kuma idan suka ce kada a wuce wani wuri, kada wani mai taurin kai ya ce ai ya saba. Ka sa mafi rauni a gaba, kai ka tsaya a ƙarshe. Akwai wata sandar gora da na saya bayan na warke, idan akwai dattijo a cikinku ka yi mini magana kafin Juma'a in aiko maka da ita.