Cire ƙofa tsakanin ɗakin gilashi da falo a Ingila

Kana tambaya ko za ka iya cire ƙofar tsohon ɗakin gilashinka (conservatory, ɗakin da ake ƙarawa a jikin gida) ya haɗe da falo ba tare da izini ba? A'a ɗan uwa, sai ka nemi amincewar sashen duba gine-gine na ƙaramar hukumarku tukuna.

Dama dokar gine-gine ba ta shafi ɗakin ba ne saboda bai wuce murabba'in mita 30 ba, yana ƙasa ba a bene ba, da hitarsa daban, sannan akwai ƙofa irin ta waje tsakaninsa da gidan, da ka cire ta ya zama ƙarin gini kenan, dole ya cika ƙa'idar riƙe ɗumi. Ni da na yi nawa rufin roba ne ya ba ni wahala, sai da na canza shi. Kuma in ba takardar amincewar, ranar sayar da gida lauyan mai saye zai tambaya.