Filin Tambayoyinku: Waƙoƙin Hildegard a Bakin Kwayar Legas

Tambaya: Na ji wani kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa a intanet, aka ce daga waƙar wata mata mai suna Hildegard aka samo shi. Wace ce ita? Ita ce ta tsara wa goge da ƙaho haka? Daga wata 'yar kwaya, Obalende.

Amsa: A'a 'yar'uwa, ba ita ba ce. Hildegard ta garin Bingen a Jamus an haife ta a 1098, ta rasu a 1179. Shugabar gidan mata masu zaman zuhudu ce, kuma tun tana ƙarama take ganin wahayi, wanda daga baya ta rubuta. Ta bar waƙoƙin ibada sama da 70 cikin harshen Latin, kowacce murya ɗaya tal, ba alto, ba tenor, ba bass. A 2012 Fafaroma Benedict na 16 ya sanya ta cikin manyan malaman Ikilisiya. Goge da ƙahon da kika ji aikin mawallafan zamaninmu ne. Ba'amurke Christopher Theofanidis ya ɗauki karin wata waƙarta ta yabon Maryamu ya gina kiɗansa mai suna Rainbow Body a kai a shekarar 2000. 'Yar Rasha Sofia Gubaidulina kuwa a 1994 ta bi wata hanyar, ta rubuta wa mace ɗaya mai muryar alto waƙa daga wahayin Hildegard.

Tambaya: Ranku ya daɗe, ina shugabantar kwaya mai mutum 24 a wata ikilisiyar Hausa. Mun gwada ɗaya daga cikin waƙoƙin Hildegard, mun raba ta murya huɗu kamar yadda muka saba, amma ba ta yi armashi ba, kuma kafin mu kai ƙarshe murya ta sauka ƙasa. Ina gyaran yake? Daga wani malamin kwaya, Agege.

Amsa: Malam, rabawar nan murya huɗu ita ce ta fara ɓata maka aiki. Karin Hildegard ba ya tafiya da bugun ganga, numfashi da kalma yake bi. Yakan yi tsalle daga re zuwa la, ya ƙara haurawa, wani lokaci ya zarce zangon da 'yan kwaya suka saba da shi a Littafin Waƙoƙi. Da zarar kowace gaɓa ta samu murya huɗu, an ɗaure masa ƙafa.

Ka bar wa mata takwas zuwa goma karin, su rera shi baki ɗaya. Sauran su riƙe sauti biyu kacal a ƙarƙashi: bass a kan re, tenor da alto a kan la, da wasalin "u" ko baki a rufe. Masu riƙon kada su ja numfashi tare. Ka ba su lamba ɗaya, biyu, uku, kowane rukuni ya saci numfashinsa a lokacin da ba na ɗan'uwansa ba, ya dawo a hankali yadda kunne ba zai ji shigarsa ba. A ganinmu wannan shimfiɗar ita ce rabin waƙar, kuma a kanta ya kamata rabin lokacin gwaji ya ƙare.

Saukar murya kuwa daga bass take farawa. Mutum in ya daɗe a kan sauti ɗaya, iska na raguwa, haƙarƙari ya saki, sautin ya zame kaɗan-kaɗan, mata kuma su bi shi ba su sani ba. Sa mai kibod ya danna re da la da sautin ogan, can ƙasa-ƙasa, ya bar ƙawata kiɗa. Ka kuma lura da inda kari yake gangarowa, domin a nan mawaƙa ke buɗe taki, wato tazarar da ke tsakanin sauti da sauti, fiye da kima. Ka ce musu in za su sauko su taƙaita taki, in za su hau su cika shi.

Akwai kuma abin da ya shafi Legas musamman. Wutar lantarkinmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma gunjin da ke fita daga lasifika mai matsala yana gab da sautin G na can ƙasa. Idan kuna riƙe da wani sauti kusa da shi, kunnen bass zai karkata can. A gyara wayar, a kashe fankar da ke saman kwaya na minti biyar ɗin nan, janareto kuma a nesanta shi da taga. Sannan waɗannan waƙoƙi an yi su ne don ginin dutse mai amsa kuwwa. Majami'a mai rufin kwano da labule tana haɗiye sauti nan take, shi ya sa kuka ji ta bushe. Ku ja da baya daga makirfo kamar taku biyu, mai na'ura ya ƙara amsa kuwwar da ba ta wuce daƙiƙa biyu ba.

Latin kada ya ba ku tsoro: wasulansa biyar ne kamar namu, kuma "c" kafin "e" ko "i" yadda Bahaushe ke faɗinta ake faɗinta a coci. Amma ku zauna da fasto a kan ma'ana tukuna. Da yawa cikin waƙoƙinta na yabon Maryamu ne, wanda ba kowace ɗarika ce za ta karɓa a sujada ba. Waƙarta Caritas abundat gajeriya ce, a kan ƙauna take, da ita za ku fara. O ignis Spiritus ta Ruhu Mai Tsarki ce, ta dace da Fentikos, sai dai tana da tsawo.

Tambaya: Muna da masu goge irin na Turawa guda uku. Za mu iya kwafar kiɗan zamanin nan mu yi a bikinmu? Daga wani matashi, Idi-Araba.

Amsa: Karin Hildegard na kowa ne, amma abin da mawallafin zamani ya gina a kai haƙƙinsa ne, sai da izinin kamfanin da ya buga. Mutum uku ma ba za su ɗauki aikin da aka rubuta wa makaɗa masu yawa ba. Ku tsara naku: biyu su riƙe re da la, ɗaya ya bi karin tsakanin baituka don mata su huta. Danshin Legas na iya canja sautin tsirkiya, don haka ku sake daidaita ta dab da farawa. Mai son koyon karatun nota sosai ya leƙa makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan.